Tsohon Honda mai salansa biyu da Baba ya bari: yadda za a gane shi, a tada shi

Tambayar da wani ɗan'uwa ya aiko daga Sakkwato ke nan: "Mahaifinmu ya rasu ya bar muna wani tsohon babur cikin ɗakin ajiya a gidanmu na Ƙofar Marke. Honda ne, ja, salansa biyu. An ce da kuɗin Udoji ya saye shi, kuma ya fi shekara 25 ba a tashe shi ba. Takardu gara ta cinye. Wani bakanike ya ce Roadmaster ne, wani ya ce CB ne, na ukku ya ce in bari ya ɗora mai injin Jincheng kowa ya huta. Wane iri ne, kuma ta ina za mu fara?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Abu na farko, kada ka bari kowa ya taka kik ɗin babur ɗin nan, ko da wasa. Duk wanda ya shigo ɗakin ƙafarsa za ta yi ƙaiƙayi, ya ce bari a ji ko injin na juyawa. Baƙin man da ya shekara 25 a kwance ya gangaro ƙasa tuntuni, saman injin ya bushe ƙayau, kuma taku biyu ko uku sun isa su yi ɓarnar da shekarun ajiya ba su yi ba. Shi kuma mai maganar injin Jincheng, ka gode masa, ka raka shi bakin ƙofa. Ranar da aka sauke injin asali, abin da ya rage ƙarfe ne kawai mai tambarin Honda.

Abu na biyu ba na sifana ba ne. Babur ɗin dukiyar gado ce. A yi masa kuɗi yadda yake a yanzu, da ƙurarsa, a san rabon wanda ya faɗa, a rubuta da shaidu, sannan ka fara kashe ko sisi. In ka gyara shi ya fito yana ƙyalli kafin a raba, kuɗin da za a yi masa daban ne, kuma rigimar da za ta biyo baya ta fi fistin da ya kafe wuyar warwarewa.

To, wane iri ne? Labarin Udoji ya riga ya rage mana aiki. A farkon 1975 ma'aikata suka karɓi kuɗin nan na ƙarin albashi, CD185 kuwa sai a ƙarshen shekarun 1970 ya fito, CD200 Roadmaster kuma a 1980. Idan labarin gida gaskiya ne, ba Roadmaster ba ne. Waɗanda suka fi yiwuwa biyu ne: CD175, wanda Honda ta ƙera daga 1967 zuwa 1979, ko ɗan'uwansa CB175. Raba su ba wuya. Leƙa bayan injin ka ƙirga kafireta. CD175 ɗaya gare shi, tana ciyar da silinda biyun ta bututu mai rassa biyu. CB175 biyu gare shi. CD giya huɗu ne da lantarki mai bolt 6. CB giya biyar ne da bolt 12, kuma yana da agogon juyawar inji kusa da na gudu. A yawancin CD, agogon gudu ɗaya ne tak, a dashe cikin ƙoƙon fitilar gaba, sarƙa a rufe take ruf cikin akwatin ƙarfe, madigadi kuma mai zurfi ne, ya lulluɓe taya. Babur ne da aka yi wa malamin makaranta da malamin gona da akawu, mai son ya isa ofis babbar rigarsa ba ta taɓa giris ba.

Amma kamanni na ruɗi, domin cikin shekara hamsin ana canja tanki, ana canja fitila. Lamba ce ba ta ƙarya. Jiƙa tsumma da kananzir, ka goge gefen hagu na injin, ƙasa, wajen feda ta giya. Za ka ga rubutu da aka buga a jikin alminiyom, ya fara da CD175E, sai 'yar sanda, sai lambobi. Harafin E ɗin na inji ne. Lambar casis tana jikin wuyan babur, inda kan ke juyawa, ta fara da CD175 ba tare da E ba. Kada ka kankare wurin da samfefa ko wuƙa. In rubutun ya dushe, shafa alli ka share da yatsa, farin zai zauna a cikin ramukan, sai ka haska tocila ta gefe ka ɗauki hoto. Kada hankalinka ya tashi don lambar inji da ta casis ba su zo daidai ba, haka Honda ke fitar da su daga masana'anta. Abin dubawa shi ne farkonsu ya yi daidai. Akwai kuma shaida ta uku a gindin silinda, inda aka zuba girman injin a jikin ƙarfen: 174 na CD175 ne ko CB175, 180 na CD185, 194 na CD200.

Sai ka ja baya ka kalli tsayuwar silinda. Idan ta miƙe kusan tsaye, firam ɗin kuma na bututu ne, da taya mai inci 17, to irin na daga wajen 1970 zuwa sama ne, wanda ya dace da zamanin Udoji. Idan kuwa silindar ta rusuna gaba sosai, injin yana rataye a ƙarƙashin firam na falle da aka matse, babu bututun da ya sauko ta gabansa, to na shekarun farko ne, kuma wannan shi ne mai wuyar samu da gaske. Kayansu da yawa ba sa shiga juna, don haka ka tabbatar kafin ka sayi ko gaskit. Tsohuwar lambar da ke bayansa, in mai farawa da SO ce, a ajiye ta: an ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, ita ma lambar shaida ce ta tarihin babur ɗin ko da za ka yanki sabuwa.

Kafin a kwance komai, a ɗauki hoto ta kowace kusurwa, musamman yadda wayoyi da kebul suka bi. A tanadi ledoji da biro, kowace ƙusa ta shiga ledarta da sunan inda ta fito. Kada a yar da komai, ko robar da ta farfashe, domin ita ce samfurin da za ka kai kasuwa. Yaran gareji su ne asarar tsohon babur: abin da suka ga ya tsufa sai ya bi 'yan gwangwan.

Ajiyar Sakkwato tana da nata hali. Busasshiyar iska tana tausaya wa ƙarfe, sau da yawa za ka tarar da firam lafiya lau, amma zafi yana kashe duk wani abu na roba. Ɓera yakan yi gida a akwatin matatar iska ya ci wayoyi. Zanzaro yakan toshe bakin salansa da ƙananan ramuka da laka, har ramin numfashi na murfin tanki, wanda in ya toshe babur zai yi tafiyar minti biyar ya mutu kamar mai ya ƙare. In kuma awaki sun taɓa kwana a ɗakin, duba ƙasan rim da sifok inda fitsari ya taɓa.

Yanzu injin, mu ɗauka CD175 ne. Hura ƙura daga gindin fulogi kafin ka cire su, don kada yashi ya faɗa ciki. Zuba cokali biyu na man gas gauraye da baƙin mai rabi da rabi a kowane rami, ka bar shi kwana bakwai, kana ɗan ƙarawa. Buɗe murafan tafet guda huɗu, ka tsiyaya sabon baƙin mai a kan kamshaf da hannayen bawul har su jiƙe. Zubar da tsohon mai a cikin kwano mai tsabta ka kai shi rana ka duba: ƙyalƙyali kamar garin azurfa alminiyom ne da ya ci, baƙaƙen gutsattsari masu tauri kuwa robar tayoyin da ke matse taimin cen ce ta farfashe. Bayan kwana bakwai, cire murfin hagu, ka kama ƙusar tsakiyar rota da sifana, ka motsa a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. In ya motsa, alhamdu lillahi. In ya ƙi, ƙara mako guda. In ya tafi ya tsaya cak a wuri ɗaya, kada ka matsa. Wataƙila bawul ne ya maƙale a buɗe, kuma ƙarfi zai lanƙwasa shi. Nan sai a sauke kan injin.

Ƙusoshin murafan nan masu kan gicciye suna da tarko. Yankan Japan ne, ya bambanta da na sukudireban da ya cika kasuwa, shi ya sa sukudireba ke zamewa yana cinye kan. A nemi sukudireban bugu, irin wanda ake dokawa da guduma ya juya da kansa, a sa masa bakin da ya zauna daram. Abin da bakanike ya saba, kurfi da guduma, yana fasa murfin da ba za ka samu a Sakkwato ko Kano ba.

Ga inda ran wannan injin yake, kuma nan ne ya kamata ka tsaya a kan bakanike da kanka. CD175 ba shi da matatar mai ta takarda. Abin da yake da shi wani ƙoƙo ne da ke juyawa a kan kiranshaf ta dama, bayan ƙaramin murfi mai zagaye. Juyawar ce ke wurga datti ya manne a bangon ƙoƙon, mai tsabtataccen ya wuce. Mafi yawan masu irin wannan babur ba su taɓa sanin yana nan ba, sai ka buɗe ka tarar da baƙin abu ya daskare kamar kwalta, ya kusa cika shi. A kankare shi da tsinke, a wanke da kananzir. A cire babban murfin dama gaba ɗaya, a wanke rariyar da ke ƙarƙashin famfon mai, a share laka daga gindin injin. Dalilin wannan naci shi ne kamshaf ɗin ba a kan boris yake juyawa ba, a kan tsurar alminiyom yake, mai ne kaɗai ke tsakaninsu, kuma shi ne wuri mafi nisa daga famfo. Mai ya yanke na minti ɗaya, alminiyom ya narke ya kama, an rasa abin da ya fi komai wuyar samu. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a shafa gam na silikon a gaskit ɗin wannan injin. In aka ɗaure, gam ɗin yana matsowa ciki, ya gutsure, ya toshe siririyar hanyar da mai ke hawa sama. Gaskit mai kyau da fuska mai tsabta sun wadatar.

Injin da ya juya ba lalle a farke shi ba. A zuba sabon mai lita 1.5, a daidaita tafet, a auna matsin silinda da ma'auni, maƙura a buɗe gaba ɗaya. Lafiyayye yakan ba da 140 zuwa 170 a ma'aunin psi. In ya gaza 100, ko silinda ɗaya ta bar ɗaya da fiye da kashi 10 cikin ɗari, zuba cokalin shayi na mai a ramin fulogi ka sake aunawa. Lamba ta hau, ringi ne. Ba ta hau ba, bawul ne ko gaskit ɗin kai. Fistin na asali milimita 52 ne, kuma akwai na ƙari hawa huɗu: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00, yawanci a rubuce a saman fistin in ka goge baƙin. A sayo fistin tukuna, a kai wa mai borin tare da silindar ya yanka daidai da shi. Wanda ya fara yanka sannan ya shiga neman fistin yakan ƙare da silindar da babu abin da ya dace da ita. Kada a tsallake zuwa 1.00 in 0.25 zai share zanen, domin bayan 1.00 babu sauran hawa. In an buɗe, taimin cen da tayoyin robarsa da duk oyil sil su tafi, ko sun yi kyau a ido. Notunan kai takwas ne, ɗaurin wajen Nm 20 suke so, a ɗaure su a gicciye daga tsakiya, hawa-hawa.

Tafet, wato tazarar da ke tsakanin bawul da hannunsa, 0.05 mm ne, na shiga da na fita, inji a sanye. Fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, don haka in alamar T ta rota ta zo kan manuni, silinda ɗaya ce kawai ke kan matsi: wadda hannayenta biyu ke motsi in ka girgiza su. Daidaita ita, juya rota zagaye ɗaya cif, ka yi ɗayar. Daidaitawa da kunne, yadda aka saba, yakan ƙare da matsewa don a kashe ƙara, bawul ɗin fita ya ƙone. Ɗan ƙas-ƙas kaɗan ya fi shiru.

Wuta kuma kwantak ne, guda ɗaya, a ƙarshen kamshaf ta hagu, da kwayil mai waya biyu. Goge bakin kwantak da samfefa mai laushi, ka ja farar takarda a tsakani har ta fito fes. Tazara 0.3 zuwa 0.4 mm a inda ya fi buɗewa. Sannan ka haɗa ƙaramin kwan fitila tsakanin wayar kwantak da jikin inji, ka juya rota: fitilar ta kama daidai lokacin da alamar F ta zo kan manuni. In ba haka ba, sassauta farantin ka juya shi kaɗan. A bayan farantin akwai wasu 'yan nauyaya biyu masu sifirin da ke gaggauta wuta in inji ya ɗau gudu; sukan kafe da tsatsa, babur ya tashi lafiya amma ya rasa ƙarfi yana zafi. A wanke su a ɗiga mai. Fulogi NGK D8HS ne ko D8HA, tazara 0.6 zuwa 0.7 mm. Hattara da D8EA na CG125 da ke kowane shago: kaurinsu ɗaya, zai shiga, amma zarensa milimita 19 ne a maimakon 12.7, zai leƙa cikin silinda ya iya haɗuwa da fistin.

Ra'ayina a kan lantarki shi ne a bar shi a bolt 6. Yawancin raunin fitila da ake ɗora wa bolt 6 dattin mahaɗa ne. A goge kowace mahaɗa har ta yi haske, musamman inda waya ke kama firam. A tsarin Honda koriyar waya ta ƙasa ce, ja daga batir take, baƙa kuma wutar da ta bi ta makulli. Abu ɗaya da ya cancanci canji shi ne tsohon rektifaya mai faranti-faranti, wanda tsufa ke sa ya riƙa zubar da cajin batir. Masu kayan gyaran rediyo suna sayar da na zamani mai ƙafa huɗu, irin KBPC3510, ya ɓuya a wurin ba mai gani. Kada a tada babur ɗin babu batir, domin batir ne ke shanye rarar wuta; in babu shi kwan fitilu za su ƙone ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin batirin fitilar caji mai bolt 6 ma ba zai jure ba, zai kumbura.

Tanki: cire famfon mai da farantan gefe masu ƙyalli, toshe ramin, zuba tafin hannu biyu na notuna da kananzir kaɗan, a yi ta girgizawa. A zubar, a ƙirga notunan sun cika, a wanke da omo, a cika shi da farin binega har wuya, wajen lita 10, ya kwana biyu. A ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, a shanya a rana, a zagaya cikinsa da ɗan mai nan take, in ba haka ba sabuwar tsatsa za ta fito kafin la'asar. In ya huda, kada mai walda ya kusance shi da wuta sai an wanke shi sarai an cika da ruwa. Tankin da ya shekara 25 a bushe ma yana fashewa. A sa ƙaramar matata a tiyon mai.

Kafiretar Keihin ce, kuma ta fi duk sabuwar da za a miƙo maka a kasuwa. Kafin a cire ƙusar iska, a murɗa ta ciki a hankali ana ƙirga zagaye har ta zauna, a rubuta, don a mayar da ita inda take. Jet ɗin sulo raminsa kamar gashi yake. A jiƙa shi, a bi shi da silin wayar tagulla guda, a ɗaga shi sama a ga haske. Allura tana faɗaɗa ramin, babur ya koma shan mai da baƙin hayaƙi har abada. Fulot na tagulla a nutsa shi a ruwan zafi, in ya fitar da kumfa ya huda. A mayar da jet na asali ko da an sayo sabon kit, a ɗauki robobi da gaskit kawai daga ciki. Mahaɗar kafireta da inji kada ta sha iska, domin iskar sata tana sa inji zafi, kuma a watan Afrilu na Sakkwato, da rana ke haura digiri 40, hakan na iya huda fistin. Matatar iska kuwa dole ce. Hazon hunturu ɗaya ba tare da ita ba ya isa ya cinye sabon borin.

Taya, tiyub da takalman birki duk sababbi, babu ciniki. Fatar tsohon birki takan ɓalle daga ƙarfenta ta kulle wili ana cikin tafiya, kuma ƙurar cikin gangar kada a hura ta da baki, a share da jiƙaƙƙen tsumma, don na da suna ɗauke da asbestos. Taya mai inci 17 ba ta wuya tunda ita 'yan kabu-kabu ke hawa, sarƙa kuma lamba 428 ce irin ta CG125. Abin da zai ba ka wahala shi ne salansa ta asali, akwatin sarƙa, murafan gefe da tambarin tanki. A fara da tsofaffin bakanikai na cikin gari da na Illela da Birnin Ƙonni, waɗanda ke da matattun babura a bayan rumfa, sannan dillalan Kano da na Nnewi. Shafin CMSNL na ƙasar Holan yana da zanen kowane sashe da lambarsa, David Silver Spares na Ingila ma yana sayar da kayan tsofaffin Honda, kuma ana ƙera na kwaikwayo a Tailan da Pakistan. Da lambar kaya ake nema, ba da suna ba.

Ranar tashi, a yi ta da sassafe. Mai 20W-50 na babur, mai alamar JASO MA, domin kuloci a cikin mai yake wanka, man mota na zamani yana sa shi santsi. Fulogi a cire, makulli a kashe, a taka kik sau talatin don famfo ya ɗauko mai. A mayar da fulogi, a tada, a bar shi a sulo, a sassauta murfin tafet ɗaya a leƙa. Cikin minti ɗaya ya kamata ka ga mai yana fantsama. Ba ka gani ba, kashe shi nan take. Farantan kuloci sukan manne bayan doguwar ajiya, don haka kafin a sa giya ta ɗaya a riƙe birkin gaba, a fuskanci fili. A sauke man farko bayan kilomita 150, a sake wanke ƙoƙon nan, a sake auna tafet. Kilomita 800 na farko a bi shi a hankali, ba lodi, ba doguwar tsayuwa inji na aiki, daga nan canjin mai duk kilomita 1,500.

Fenti shi ne ƙarshe, kuma sau da yawa ba a bukatarsa. Jan da ya dushe yakan dawo da man goge fenti da haƙuri, kuma masu neman irin wannan babur sun fi daraja fentin masana'anta mai tabo a kan sabon feshi. Tsatsar kurom a murza ta da takardar alminiyom da ruwa, ban da soson ƙarfe. Murafan inji a bi su da samfefar ruwa 600, sannan 1200, sannan man gogewa. Sodar yin sabulu kada ta taɓa su, tana cin alminiyom. Kujera in ta yage, kai wa baduku tsohuwar rigar ya fitar da samfur a kanta, a riƙe farantin ƙarfen na asali. Batun takardu kuma, ka je da hoton lambobin nan biyu, da tsohuwar lamba, da takardar rabon gado da rantsuwar kotu a kan ɓatan na asali, ofishin yankan lamba su gaya maka sauran abin da suke bukata kafin ka fito da shi titi.